Na je da kukan yawan hawaye, aka ce idona ne ya bushe: sharhi a kan wani asibitin ido a Kano

Daga ƙarshen watan Nuwamba, da zarar iskar hunturu ta fara kaɗawa, ba na iya tuƙa babur daga wurin aiki zuwa gida ba tare da na tsaya sau biyu ko uku na share hawaye ba, har wata rana wani maƙwabcina ya tare ni a ƙofar masallaci yana tambayar ko rasuwa aka yi mana. Shekara uku ina cikin wannan hali. Saboda haka ranar da na shiga asibitin idon da zan yi bayani a kansa, kukan da na kai shi ne yawan hawaye, kuma abin da nake fata shi ne a ba ni maganin da zai tsayar da su. Da likita ta gama dubawa ta ce ciwona bushewar ido ne, sai na ɗauka ba ta saurari abin da na faɗa mata ba.

Asibitin na kuɗi ne, yana cikin Kano, kuma ido kaɗai ake dubawa a cikinsa. Na je sau uku tsakanin Disamba da Maris, na biya kuɗin kati da na gwaji da na magani daga aljihuna. Ba zan ambaci sunansa ba, domin akwai abubuwan da zan soka, kuma ma'aikatan da zan yi magana a kansu ba su san zan rubuta ba.

Shekaruna 47, aikina lissafin kuɗi ne, ina wuni a gaban kwamfuta da na'urar sanyaya ɗaki a bisa kaina, in an ɗauke wuta kuma fanka ce ke hura mini fuska. Kafin zuwana asibiti na zagaya kemis uku. Na farko ya ce ƙwayoyin cuta ne, ya ba ni kuloramfenikol na ɗigawa, na gama kwalba biyu ban ga canji ba. Na biyu ya ce ƙura ce jikina ba ya so, ya haɗa mini Piriton da wata 'yar kwalba mai ɗauke da deksametason. Wannan kam ta yi aiki kamar yankan wuƙa, cikin kwana biyu ja da raɗaɗi suka kwanta, don haka na mayar da ita abokiyar tafiya, duk lokacin da ta ƙare in sake saye, ba tare da kowa ya taɓa tambayata takardar likita ba. Na uku ya ƙara mini da maganin da ke faranta ido, wato mai mayar da jan ido fari, wanda nake ɗigawa kafin in shiga taro don kada a ce ban yi barci ba. Da waɗannan kwalabe uku a aljihu na isa asibitin, kuma shawara ta farko da zan ba duk mai niyyar zuwa ita ce ya tafi da duk abin da yake ɗigawa, domin likitar ta ɗauki lokaci a kan kwalaben nan kusan daidai da wanda ta ɗauka a kan idona.

Karɓar baƙi ba ta burge ni ba. An ce in zo ƙarfe tara, na zo tara saura kwata, ban ga likita ba sai bayan sha biyu, kuma babu wanda ya fito ya yi wa masu jira bayanin dalili. Ɗakin jiran yana da tsabta da kujeru isassu, amma na'urar sanyaya ɗakin tana hura iska kai tsaye a fuskar waɗanda ke layin gaba, abin da daga baya likitar asibitin da kanta ta ce in guje masa. An ba ni takardar tambayoyi 12 a kan yadda ido ke damuna a makon da ya wuce, wajen karatu da tuƙin dare da kallon allo da shiga iska, wadda ake tara makinta daga 0 zuwa 100, kuma daga 13 zuwa sama ake fara zargin bushewar ido. Takarda ce da ake amfani da ita a asibitocin ido na duniya, kuma na yaba da samunta a nan. Sai dai da Turanci kaɗai aka buga ta. Wata dattijuwa da ke kusa da ni ta riƙe tata har sai da wata ma'aikaciyar jinya ta zo ta karanta mata a gurguje, tana haɗa tambaya biyu a numfashi ɗaya, ita kuwa tana amsawa da “e, 'yar nan” ga kowace. Makin da ya fito daga irin wannan amsa ba abin dogaro ba ne, kuma fassara tambayoyi 12 zuwa Hausa ba aikin da zai gagari asibitin da ke karɓar irin kuɗin da suke karɓa ba ne.

Daga inda aka fara gwaji ne ra'ayina ya soma sauyawa. Bayan karatun haruffan allo, an auna matsin ruwan da ke cikin ƙwayar ido, wanda hauhawarsa ke kai mutum ga gilakoma, cutar da mutanenmu ke kira hawan jinin ido. Na yi ƙorafin cewa ba wannan ya kawo ni ba, mai awon ya ce ƙa'idarsu ce ga duk wanda ya haura shekara 40. Awon lafiyayyen ido yana tsakanin 10 da 21, nawa ya nuna 25 a dama, 24 a hagu. Da likitar ta ga lambobin, ta ga kwalbar deksametason a kan teburinta, sai ta tambaye ni tsawon lokacin da na yi ina ɗigawa. Na ce wata biyu a jere a wannan karon. Ta ce, “Malam, ka yi sa'a ka zo yanzu. Wannan magani yana kwantar da kumburi, shi ya sa kake jin daɗinsa, amma kusan mutum ɗaya cikin uku in ya yi makonni yana ɗiga shi matsin idonsa na hawa, kuma ba ya zafi balle ka sani. Yana kuma kawo yanar ido.” Ta duba jijiyar ganina ta ce ba ta taɓu ba tukuna. Garin gyaran gira na kusa rasa ido, kuma da gwajin da na so a tsallake ne aka gano.

Dubawar da ta yi wa bushewar kanta ta kai kusan rabin awa. Ta sa na ɗora haɓata a kan na'urar hangen ido mai fitila, ta taɓa cikin fatar idona ta ƙasa da wata 'yar takarda mai rini ruwan lemo, ta kunna shuɗin haske, ta ce in ƙifta sau ɗaya in buɗe, kada in sake ƙiftawa. Abin da take ƙirgawa shi ne daƙiƙoƙin da shimfiɗar hawayen da ke kan baƙin ido za ta yi kafin ta tsage. Ƙasa da daƙiƙa 10 alamar matsala ce, tawa ta tsage a daƙiƙa 4. Bayan haka aka yi gwajin Schirmer, wanda wani likitan ido Bajamushe mai suna Otto Schirmer ya fito da shi a 1903 kuma har yau ba a daina ba: ana saƙala siririyar takarda mai faɗin milimita 5 da tsawon milimita 35 a gefen fatar ido ta ƙasa, a jira minti 5, a auna inda jiƙa ta kai. Ƙasa da milimita 10 abin zargi ne, ƙasa da 5 kuwa ƙarancin ruwa ne sosai. Tawa ta jiƙe har 17. Na yi murna, na ce ashe dai gaskiyata, idona ba a bushe yake ba.

Amsar da ta ba ni ita ce abin da ya fi kowane magani amfani a cikin kuɗin da na kashe. Ta ce hawayen da ke rufe ido ba ruwa ne zalla ba. Akwai yauƙi a ƙasa da ke manna shi a jikin ido, akwai ruwan a tsakiya, sannan akwai siririn maiƙo a sama da ke hana ruwan ƙafewa. Maiƙon yana fitowa ne daga wasu 'yan jakunkuna da ke jere a cikin fatar ido, tsakanin 20 zuwa 40 a kowace fata, bakunansu na buɗewa a bayan gashin ido, kuma ana kiransu da sunan Heinrich Meibom, likitan Jamus da ya bayyana su a 1666. Kowace ƙiftawa tana matso ɗan maiƙo ta shafa shi a kan ruwan. Sai ta danna fatar idona ta ƙasa da sandar auduga, ta ɗauki hoto da wayarta ta cikin madubin na'urar ta nuna mini. A lafiyayyen ido, in ji ta, abin da ke fitowa kamar man gyaɗa yake, garai-garai. Nawa kuwa fari ne mai kauri, kamar man kaɗanya da ya kwana a sanyin hunturu, wasu bakunan ma ko ɗigo ba su fitar ba. Ruwa yana nan isasshe, murfinsa ne babu, don haka yake ƙafewa cikin daƙiƙa 4, idon ya ji zafi, ƙwaƙwalwa ta aika a buɗe babbar ma'ajiyar hawaye irin na kuka, su kwararo a kumatu ba tare da sun zauna a inda ake buƙatarsu ba. Yawan hawayen da na kai kuka a kansa, ihun ido ne na neman agaji.

Daga baya na fahimci cewa wannan nau'i na ƙafewa shi ne mafi yawa a cikin masu bushewar ido, ya fi na ƙarancin ruwa nesa, kuma asibitin da ya tsaya a kan takardar Schirmer kaɗai zai sallami mutum irina ya ce lafiyarsa ƙalau. Babban rahoton da ƙwararrun ido na ƙasashe da dama suka fitar a 2017 ya nuna cewa yawan masu cutar yana kamawa daga kashi 5 zuwa kashi 50 cikin 100, gwargwadon ƙasa da kuma ma'aunin da aka bi, kuma wannan tazara mai faɗi ita kanta shaida ce cewa babu gwaji ɗaya tilo da ke yanke hukunci. Akwai mai kuka sosai amma idonsa bai nuna wata alama mai yawa ba, akwai kuma wanda baƙin idonsa ya ƙuƙƙuje amma ba ya jin komai, musamman mai ciwon sukari da jijiyoyin idonsa suka dakushe. Abin da na yaba wa wannan likita shi ne ta haɗa abin da na faɗa da abin da ta gani da abin da ta auna, ba ta bar ɗaya ya danne sauran ba.

Tambayoyinta ma sun fita daga ido. Ta tambayi ko bakina na bushewa har in kasa haɗiye abinci ba tare da ruwa ba, ko gaɓoɓina na kumbura da safe, ko ina da ciwon sukari ko maƙoƙo, da irin magungunan da nake sha. Tambayar baki da gaɓoɓi tana neman cutar Sjögren ce, wadda Henrik Sjögren, likitan ido na ƙasar Suwidin, ya yi cikakken bayaninta a 1933, inda garkuwar jiki ke afka wa ma'ajiyar hawaye da ta yawu, kuma mata ta fi kamawa da nisa. Ba ni da ita, amma dattijuwar nan ta ɗakin jira na ji an rubuta mata gwajin jini. A kan magunguna kuwa, Piriton ɗin da nake haɗiya kusan kullum don “ƙura” yana daga cikin masu rage hawaye, tare da wasu magungunan hawan jini masu sa fitsari da wasu na damuwa. Wato da hannuna nake ƙara wa wutar itace. Ta kuma juya fatar idona ta sama ta duba ko akwai tabon amosanin ido na yarinta, domin a ƙasarmu ta Arewa tabon wannan cuta yana lalata wuraren da ke samar da yauƙi da maiƙo, kuma likitan da ya koyi aiki a inda babu ita zai iya mantawa ya duba.

Maganin da ta rubuta ya ba ni kunya da farko, domin na saba auna ƙwarewar likita da nauyin ledar da zan fita da ita. Ta ce in ajiye kuloramfenikol, tunda babu ƙwayar cutar da zai kashe. Ta ce in ajiye mai faranta ido, domin matse jijiyoyin jini kawai yake yi, in ya sake su sai jan ya dawo fiye da da, mutum ya ƙara ɗigawa, a yi ta zagaye. Deksametason kuma ta tsara mini yadda zan janye shi a hankali cikin 'yan kwanaki. Abin da ta ɗora a madadinsu shi ne in riƙa gasa fatar idona da tsabtataccen tawul da ruwan ɗumi na minti 10, safe da dare, sannan in murza fatar a hankali zuwa wajen gashin ido, in goge bakin da auduga mai tsabta. Ta nanata cewa maiƙon da ya daskare sai ɗumi ya kai wajen digiri 40 kuma ya daɗe kafin ya narke, tawul kuwa cikin minti ɗaya ko biyu yake hucewa, don haka sai an riƙa sake tsoma shi, kuma ruwan ya zama wanda bayan hannu ke iya jurewa. Da ta ga ina jinjina kai irin na wanda ba zai yi ba, sai ta ce in ɗaura shi da abin da ba na fashinsa: bayan sallar Asuba da bayan Isha'i. Wannan dabara ce ta sa na ɗore.

Ta ƙara da hawayen kwalba, mai ɗan maiƙo a ciki, sau huɗu a rana, ta kuma koya mini karanta kwali. Yawancin magungunan ɗigawa masu araha suna ɗauke da sinadarin hana lalacewa da ake rubutawa benzalkonium chloride, wanda in ya yawaita yake cin fatar gaban ido, ya ƙara bushewar da ake son magancewa. Wanda zai ɗiga fiye da sau huɗu a rana ya kamata ya nemi marar wannan sinadari, wanda yawanci yake zuwa a 'yan ƙananan robobi na amfani sau ɗaya. Kwalbar da aka buɗe kuma a yar da ita bayan kwana 28 ko da ba ta ƙare ba, kada bakinta ya taɓa ido ko yatsa, kuma a duba lambar NAFDAC. Na ɗauki wannan a matsayin tsananin likitoci har sai da ta tuna mini abin da ya faru a Amurka a 2023, inda hawayen kwalba da aka yi a Indiya suka gurɓata da ƙwayar cuta mai bijire wa magani, mutane suka makance, aka cire wa wasu ido, wasu suka mutu.

Sauran shawarwarin na zaman yau da kullum ne, kuma ta faɗe su a taƙaice. Mutum yana ƙifta ido wajen sau 15 a minti, amma in ya ƙura wa allo ido sai adadin ya faɗi zuwa rabi ko ƙasa da haka, yawancin ƙiftawar ma ba ta rufewa ruf. Ta ce in sauke allon kwamfuta ƙasa da saitin idona, in juya kujera daga bakin iska, in riƙa ɗaga kai ina kallon nesa ina ƙiftawa da gangan, in sa tabarau mai rufe gefe ko hular kwano mai gilashi a kan babur. Hunturu dai babu yadda za a yi da shi: ƙurar da iska ke kwasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi tana isowa ne tare da bushewar da ke sauke danshin iska ƙasa da kashi 20 cikin 100 da rana, irin wadda ke fasa leɓe da dunduniya, ido kuma ba shi da wata kariya ta daban. Na tambaye ta ko yawan shan ruwa zai warkar da ni, kamar yadda abokan aiki ke ta faɗa mini. Ta ce in sha ruwa don lafiyar jikina, amma jarka guda ba za ta buɗe jakar maiƙon da ta toshe ba. Watsa ruwan famfo a cikin ido ma, wanda nake yi sau da yawa a ofis, sanyin minti ɗaya yake bayarwa, ya wanke ɗan maiƙon da ya rage.

Maganar kwalli ni na tayar da ita, domin mahaifiyata ta daɗe tana cewa rashin sa shi ne ya jawo mini. Likitar ba ta yi wa al'adar izgili ba, kuma na ji daɗin hakan. Ta ce matsala biyu ce. Ta farko, daidai kan bakunan jakunkunan maiƙo ake zizara shi, mai irin ciwona kuwa buɗe su ake nema. Ta biyu, dutsen kwallin da ake sayarwa a kasuwa sau da yawa dalma ce: a 2011 an sami wani jariri ɗan iyayen Najeriya a birnin Boston da gubar dalma a jininsa, da aka auna kwallin da ake sa masa aka tarar fiye da kashi 80 cikin 100 dalma ce, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta wallafa rahoton a 2012. Na kai wa Hajiya wannan bayani da ladabi, ta saurara, ta ce ita dai ta haura saba'in tana sawa. Jikokinta aƙalla an daina sa musu.

Inda asibitin ya fi ba ni haushi shi ne tsakanin ƙofar likita da ƙofar fita. A ɗakin magani, bayan an ba ni abin da ke takardata, mai bayarwar ya ɗauko kwalbar ƙwayoyin man kifi ya ce duk mai bushewar ido yana haɗawa da su, kuma kuɗinsu ya fi na duk sauran maganina. A shagon tabarau na cikin harabar kuma aka nuna mini gilashin da aka ce yana tare shuɗin hasken kwamfuta, aka ce shi ne maganin masu aikin ofis. Ban saya ba, na bari sai zuwa na biyu na tambayi likitar. Ta ce babban binciken da aka yi a Amurka, wanda aka wallafa a 2018, ya ba mutum fiye da 500 ko dai man kifi giram 3 a kullum ko man zaitun na tsawon shekara guda, kuma ba a ga bambancin a zo a gani tsakanin ɓangarorin biyu ba. Gilashin shuɗin haske ma, nazarin da ya tattara gwaje-gwaje 17 a 2023 bai sami hujjar cewa yana rage gajiyar ido ba, domin rashin ƙiftawa ne ke busar da ido, launin hasken ba shi da laifi. Ta ce in ina son kifi in ci kifi. Na gode mata da gaskiyarta, amma bai dace a ce ɗaki ɗaya na asibiti yana warware abin da ɗaki na kusa da shi ke ƙullawa ba, kuma mutum nawa ne za su koma su tambaya kafin su biya?

Mako biyu na farko ban ga komai ba, har na fara tunanin kwalbata ta da. An gargaɗe ni cewa haka za ta faru, kuma wannan gargaɗi ne ya hana ni komawa kemis. Wajen mako na biyar na lura na iso gida ban tsaya share ido ba, dishi-dishin da ke zuwa mini da la'asar, wanda na ɗauka sabon tabarau nake buƙata, shi ma ya ragu. A zuwa na biyu matsin idona ya sauko 17 da 16 ba tare da wani maganin gilakoma ba, shimfiɗar hawaye ta kai daƙiƙa 7. Jiran wannan rana bai kai awa ɗaya ba, amma ban sami likitata ba sai da na dage, domin tsarinsu shi ne duk wanda ke kan aiki shi zai gan ka, abin da bai dace da ciwon da ake bibiyarsa wata da watanni ba.

A zuwa na uku na yi tambayar da ke raina tun farko, wato yaushe zan daina. Ta ce, “Malam, ba zan yi maka alkawarin da ba zan cika ba. Wannan ba apolo ba ne da zai yi mako ɗaya ya wuce. Lallaɓa shi ake yi kamar hawan jini. Da damina za ka iya rage ɗigawa, wataƙila ka bari gaba ɗaya, amma gasawar kada ka sake ta, domin jakar da ta daɗe a toshe shanyewa take yi, wadda ta shanye kuma ba ta dawowa.” Na tambayi azumi da ke ƙaratowa, ta ce hukuncin na malamai ne kuma sun yi saɓani a kansa, in tambayi malamina, abin da za ta iya koya mini shi ne danne kusurwar ido ta wajen hanci na minti ɗaya ko biyu bayan ɗigawa, wanda ke rage gangarawar magani zuwa maƙogwaro, da kuma mayar da mafi yawan ɗigawar tsakanin buɗa-baki da sahur.

Ta kuma faɗa mini iyakar abin da asibitin ke da shi ba tare da na tambaya ba. Ba su da na'urar ɗaukar hoton jakunkunan maiƙo, ba su da ta auna gishirin hawaye, kuma maganin saikulosporin na ɗigawa, wanda aka amince da shi a Amurka tun 2002 da sunan Restasis, sai an yi odarsa, yana da tsada, yana kuma ɗaukar wata uku zuwa shida kafin a ga amfaninsa. Suna iya toshe 'yar ƙofar da hawaye ke zurarewa ta cikinta ga masu ƙarancin ruwa, amma ta ce ni ba na cikinsu, yin hakan a idon da ke da kumburi tara gurɓataccen ruwa ne kawai. Likitan da ke da abin sayarwa a hannu ya ce maka ba ka buƙatarsa, wannan a wurina ya rinjayi awa ukun da na yi a ɗakin jira.

Wanda idonsa ke raɗaɗi kamar an zuba yashi, ko yake zubar da hawaye a iska, ko ganinsa ke dushewa ya washe in ya ƙifta, musamman in ya riga ya zagaya kemis, zai amfana da wannan asibiti, da sharaɗin ya ware rabin yini, ya nemi a danna masa fatar ido a duba maiƙon, ya kuma riƙe takardar likita ya ƙi duk abin da ba ya cikinta. Wanda kuwa ido ɗaya ne ya yi masa ja da zogi mai tsanani, ko ganinsa ya faɗi farat ɗaya, ko haske ke soka masa ido, wannan ba layin bushewar ido zai bi ba, ya faɗa wa masu karɓar kati tun daga ƙofa cewa na gaggawa ne. Ni an ba ni ranar komawa a farkon Nuwamba, kafin iska ta juya, kuma na roƙi a rubuta sunan likitar a kan katina.